Sharaɓa, Dodon da Na Zana daga Ƙahon Kakana

Shekaranjiya a cikin motar haya wata yarinya ta ɓare cingam kusa da ni, irin mai ƙamshin ayaba, wanda zaƙinsa ke gudu kafin ka tauna sau goma. Ban san har yanzu ana yin sa ba. Ƙamshin ya ɗauke ni daga kan kujerar ya dire ni a Baure, ina 'yar aji biyar, tsaye a gaban shagon wani mutumin kudu da ke sayar da kayan masarufi kusa da tasha. A shekarun nan kowane ƙunshin cingam ɗin yana zuwa da ɗan kati a ciki, a jikin katin kuma hoton dodo ne. Wani mai haƙora kamar manjagara, wani mai sulke a baya, wani yana feso wuta ta hanci. A ƙasan kowane hoto an rubuta ƙarfinsa, da gudunsa, da makaminsa, da abin da ke kayar da shi. Idan ka taso a wajenmu a lokacin, ka san yadda katunan nan suka haukata yara. Cingam ɗin tofar da shi ake yi, katin ake so.

'Yar mai shagon ajinmu ɗaya, kuma benci ɗaya muke zama. Ta fi mu duka Turanci, Hausarta kuwa ta Baure ce tsantsa, don a nan aka haife ta. Ita ta karanta mana ɗan rubutun da ke bayan katunan, ta ce kowane dodo an samo siffarsa ne daga wata dabba da ta taɓa rayuwa a duniya ta ƙare. Da damina ta yi nisa, hanya ta lalace, kaya suka daina zuwa shagon, sai katunan suka yanke. Yaran unguwa suka yanke shawarar kowa ya zana nasa dodon a kwali a zuba cikin wasa. Sharaɗi ɗaya ne: sai dabbar da babu ita yanzu. Mazan duk suka koma suna kwafar na cikin katin, su ƙara masa kai ɗaya ko fiffike, su ce sabo ne. Ɗan baffana, wanda ya girme ni da wata bakwai, ya zana wani abu mai kama da akuyar da ta sha duka, ya ba shi ƙarfin da ya fi na kowa. Ni ban so in kwafa. Sai dai ban san wata dabba da ta ƙare ba.

A gidanmu akwai kakana, mahaifin babana, tsoho dogo mai ƙarancin magana. Da ƙuruciyarsa fataucin shanu ya yi, ya bi garke da ƙafa har bayan Damagaram, can inda gero ke ƙarewa rairayi ya fara. A ɗakinsa, saman ƙofa, akwai wani ƙaho a rataye, baƙi, siriri, mai zobe-zobe daga gindi, ya lanƙwasa kamar lauje, tsawonsa ya kusa kai ni a tsaye. Mun saba ganinsa har mun daina ganinsa. Wata rana da hantsi, ana yayyafi, kowa ya tafi gona, na kai masa kunu na baje katunana a bakin tabarmarsa. Ya ɗauki ɗaya ya nisantar da shi daga ido, ya daɗe yana kallo.

"Uwargida," ya ce, don haka yake tsokanata, "wannan mai haƙoran, da wane bakin yake shan ruwa?"

Na ce dodo ne, ba ya shan ruwa, wuta yake fesowa.

Ya ajiye katin kamar wanda ya taɓa kashin kaji. Ya ce wanda ya zana wannan bai taɓa kwana a daji ba. Wuta ai ko yaro ya iya hura ta.

Da na gaya masa abin da nake nema, sai ya nuna saman ƙofa da haɓa. Ya ce sunanta mariri. Fara ce fat kamar an wanke ta, wuyanta da ƙirjinta ja kamar ta tsoma su a lalle, girmanta ya kai na jaki mai ƙiba, ƙahonninta biyu sun koma baya har suna neman taɓa gadon bayanta. Ya ce ya gan su garke guda suna tafe da sassafe, farinsu na ɗaukar ido, ka rantse tabki ne ya tashi yana tafiya. Takan yi watanni ba ta kai baki rijiya ba. Raɓar asuba take lasa a kan ciyawa, ta fasa guna ta sha ruwan cikinta. Maharbin da ya bi ta da ƙafa, ba ta juyowa ta yi faɗa da shi. Tafiya kawai take, yana bi, yana hango ta, har salkarsa ta bushe. Fatar wuyanta kuma, ya ce, da ita mutanen dauri ke yin garkuwa. Na tambaye shi ina suke yanzu. Ya ce motoci da bindigogi suka cinye su, fari ya share ragowar. Ƙahon nan ma a ƙasa ya tsince shi a tafiyarsa ta ƙarshe.

Kwana tara na yi ina aikin dodon nan, kuma ban taɓa yin wani aiki da ya fi shi daɗi ba. Kwalin sukari na yanka daidai girman katin. Farin jikin da alli na yi, jan wuyan da jar ƙasa, idanun da bular wankin innata. Da allin ya riƙa kakkaɓewa, kakana ya sa na jiƙa ƙaro na kwaɓa da shi, yadda ake yi wa tawada. Kullum bayan la'asar nakan kai masa ya duba, shi kuma bai taɓa yabawa ba. Na sa wa dodon farata, ya ce in cire, mai tafiyar rairayi kofato mai faɗi yake so. Na sa masa haƙora, ya ce na koma wa shirmen masu cingam. Abin da ya bar mini shi ne na tsayar da shi da ƙafa biyu, na mai da ƙirjinsa garkuwa, na ƙara wa ƙahonnin tsawo har suka zagayo ta ƙarƙashin hammata kamar takubba biyu. Makaminsa ƙishirwa: duk dodon da ya tunkare shi, maƙogwaronsa zai bushe, mai feso wuta ma wutarsa ta mutu a ciki. Na sa masa suna Sharaɓa, wato mai shan raɓa. Saura layi na ƙarshe, abin da ke kayar da shi. Na so in bar wurin fili, kakana ya ce babu halittar da ba ta da makasa.

"Rubuta mota," ya ce. "Idan mota ta biyo ta ba ta iya kwana. Miƙewa take yi sak, tana gudu, har zuciyarta ta fashe."

Haka na rubuta. Ranar da na kai Sharaɓa dandali, ya cinye katunan unguwa kaf, don duk cikin dodannin babu mai mota.

Yanzu bari in gaya maka wane ne baffana. Ƙanen babana ne, mataimakin hedimasta a makarantarmu. Mutum ne mai biro uku a aljihun gaba, wanda ban taɓa ganin ya rubuta abin da ya wuce sa hannu ba. Yana da tabarau da yake sawa idan baƙi sun zo, ya cire idan zai karanta wani abu. Kullum da jarida a hammatarsa, kuma jaridar takan yi wata guda ba ta canza ba. Idan yana magana da manoma sai ya riƙa jefa Turanci, ya tsaya ya fassara musu a hankali kamar mai ba jariri koko. Idan kuwa mai duba makarantu ya zo daga Daura, sai ka ga mutumin nan ya ragu, muryarsa ta sirance, yana dariya tun kafin a gama ba da labari. Duk unguwa Malam ake ce masa. Kakana ma Malam yake ce masa, amma da wata irin murya.

Ɗansa ne ya kai ƙara gida yana kuka, wai na ci su da dodon ƙarya. Washegari da yamma, kakana na zaune a zaure da abokansa uku, tsofaffin da suke taruwa kullum suna jiran magariba, sai baffa ya shigo da katina a hannu ɗaya, wani littafin Turanci mai hotunan dabbobi a ɗayan. Ni ina bakin ƙofa da tsintsiya. Ya fara da cewa zanen mai rai ma bai kamata a bar yarinya tana yi ba. Daga nan ya sa aka ɗauko ƙahon. Ya jujjuya shi, ya ƙwanƙwasa da farce, ya sa tabarau. Ya buɗe littafin shafi bayan shafi a gaban tsofaffin, yana nuna musu dabbobin ƙasashen ƙanƙara, yana kiran sunayensu da Turanci.

"Baba, duk dabbar da ke duniya tana cikin nan," ya ce. "Babu wata mariri. Wannan ƙahon saniyar Bororo ne. Tsufa ne kawai, abu yakan haɗe wa mutum. Amma a daina cusa wa yara abin da babu shi, mu muke shan wahalar gyarawa a makaranta."

Ɗaya daga cikin tsofaffin ya buɗe baki zai yi magana, kakana ya ɗaga masa hannu. Ya karɓi ƙahon, ya shafa shi da gefen rigarsa inda yatsun baffa suka taɓa, ya miƙe ya shiga gida. Bai mai da shi saman ƙofa ba, ƙarƙashin gado ya tura shi. Daga ranar, idan na tambaye shi labarin arewa sai ya ce ya manta.

Gero ya nuna, aka yi girbi, rumbuna suka cika, gari ya koma ƙamshin gyaɗa ɗanya da hayaƙin kara. Sai takarda ta zo makaranta cewa za a yi baje kolin aikin hannun ɗalibai a Daura, kowace makaranta ta kawo abin da za ta nuna. Makarantarmu ba ta da komai sai tsintsiya da mafici, irin waɗanda ake sa mu kawo duk ƙarshen zango malamai su raba. A nan baffa ya tuna da katina, wanda tun ranar zaure yake cikin aljihunsa. Maganar zanen mai rai ba ta sake tasowa ba. Ya sayo babban farin kwali, ya kira ni ofishinsa ya ce in sake zana dodon da girma, kuma in yi a tsanake don sunan makaranta ne. Na yi murna, ba zan ɓoye maka ba. Sati guda na yi a durƙushe a kan simintin ofishin. Ranar da na gama, ya karɓa, ya zaro ɗaya daga cikin birukan nan uku, ya rubuta sunan ɗansa a ƙasa da manyan baƙaƙe. Ya ce ai gida ɗaya ne, kuma namiji ya fi iya tsayuwa gaban manya. Na gaya wa babana. Babana mutum ne mai gudun rigima da ƙanensa mai ilimi. Ya ce in yi haƙuri.

Duk da haka an tafi da ni, don kada allin ya goge a hanya a rasa mai gyarawa. A bayan a-kori-kura muka zauna, ina rungume da kwalin. Sai da muka wuce Zango na lura da wani dogon abu naɗe cikin buhu a ƙarƙashin ƙafar baffa. Ashe da kakana ya fita masallaci da safe ya shiga ɗakinsa ya ɗauko.

A filin wata makaranta aka yi taron, ƙarƙashin rumfuna. Teburinmu ba shi da abin jingina kwali, sai baffa ya ce in tsaya a baya in riƙe. Kwalin ya rufe ni daga goshi har gwiwa, yatsuna kaɗai ake gani a gefe. Ta nan bayan na ji takun manyan baƙi ya tsaya a gabanmu. Cikinsu akwai wani dattijo, jami'in gandun daji da ya yi aiki a kan iyaka. Na ji ya ce a miƙo masa ƙahon. Sannan ya ce rabonsa da ganin ƙahon mariri tun yana saurayi, ina aka samo wannan?

Ai kuwa sai baffa ya buɗe baki. Muryar nan siririya ta fito. Ya ce kayan tarihin gidansu ne, ya daɗe yana bincike a kai. Fara ce fat, ranka ya daɗe, wuyanta ja kamar ta tsoma a lalle. Raɓar asuba take lasa. Idan mota ta biyo ta ba ta iya kwana. Kalma bayan kalma, maganar kakana ce, wadda baffa ya sa na maimaita masa a ofis wai don ya rubuta bayani. Ko jerin bai canza ba. Da jami'in ya tambayi ɗan baffa me ya sa ya ba dodon ƙishirwa a matsayin makami, yaron ya tsaya yana kallon takalminsa, baffa ya amsa masa, ya ce kunya ce da shi. Kwalin ya fara karkacewa, baffa ya sa hannu ta baya ya mintsine ni in tsaya daidai. Da baƙin za su wuce, na ji ya ce, "Ranka ya daɗe, a riƙe wannan, kyauta ce daga makarantarmu." Dattijon ya ƙi sau biyu. Baffa ya bi shi har mota ya sa a kujerar baya da hannunsa.

Mun zo na biyu. Aka ba ɗan baffa agogon bango.

Da muka dawo, baffa bai ko shiga gida ba, zaure ya nufa da agogon a rungume, tsofaffin nan suna zaune. Ya ba da labari tun daga farko, yadda manya suka tsaya a teburinsa, yadda jami'in ya riƙe hannunsa. Kakana ya saurara har ƙarshe yana jan carbi.

"Ashe dai ta shiga littafin naka, Malam," ya ce.

Baffa ya yi dariya, ya ce ai ilimi kullum ƙaruwa yake.

"Ina ƙahon?"

Baffa ya ce ya ba babban baƙo, don irin waɗannan mutane ana buƙatarsu wata rana.

Kakana ya gyaɗa kai. "Ba komai. Na saniya ne ai. Ranar kasuwa ka biya wajen mahauta ka samo mini wani."

Babu wanda ya yi dariya. Baffa ya tsaya da agogonsa, ya rasa inda zai ajiye shi, har aka kira salla. Bayan wannan kakana ya yi damina biyu a duniya. Yana amsa gaisuwar baffa kullum, cikakkiyar amsa, amma ban sake jin ya tambaye shi ko da ƙarfe nawa ba. Jami'in kuma ba a taɓa buƙatarsa ba, bai ma san sunan baffa ba.

Yau zane nake ci da shi. Nakan yi hotunan littattafan yara, a lokacin hutu kuma ina cikin wani zaure na waya inda masu son irin waɗannan dodanni daga ƙasashe da yawa ke ƙirƙirar nasu suna nuna wa juna. Yaran Baure ba sa yanka kwali yanzu. Wanda ya so ganin mariri, kafin ya ƙifta ido waya ta nuna masa, har da labarin 'yan kaɗan da aka tsare a gandu aka fara mayar da su dajin Chadi. Babu mai iya tsayawa a zaure da littafi ɗaya ya ƙaryata tsoho. Sai dai kuma babu mai zuwa wajen tsohon ya tambaya. Ban san wanne ya fi ba.

Baffa ya yi ritaya, ya tsufa, shi ne babba a gidan yanzu. Da sallar da ta wuce na je gaishe shi, na durƙusa yadda aka koya mini. Yana da baƙi, sai ya nuna ni ya ce musu wannan ita ce mai zanen, shi ya fara gano baiwarta tun tana firamare. Na ce, "Haka ne, Baffa." Na ji kunyar bakina, amma na faɗa. Da baƙin suka tafi ya matso, ya rage murya. Ya ce kakana bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba, ga shi jikoki suna tambaya, shi ma kamannin sun fara ɓace masa. Yana so in zana masa mahaifinsa, babba, mai launi, ya sa a gilashi ya rataye a falo inda kowa zai gani.

Na ce masa ina ƙarama sosai lokacin, ban riƙe fuskar ba.

Ya ce haka ne, an daɗe.

Na riƙe ta. Na san tsagar da ke kumatunsa guda nawa ce, na san wadda ta karkace ta hagu, na san yadda girarsa ke ɗagawa idan zance bai kai a amsa ba. Zan iya zana shi yanzu kafin shayi ya huce. Amma ba a falon nan za a rataye shi ba.